Jan Biro da Sa Hannun Surukinsa

Ɗalibansa ne suka laƙaba masa Jan Biro, sunan kuma ya bi shi har mai gadin makarantar ma da shi yake kiransa in ya ba da baya. A gaban idonsa kuwa Malam ne. Dalilin sunan a fili yake: duk takardar da ta shiga hannunsa sai ta fito kamar an yanka kaza a kanta. Ko aya ka manta, sai ya zagaye wurin da jar tawada ya rubuta a gefe, "Don me?" Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, yana da tabarau mai kauri da kullum ke zamewa zuwa karan hancinsa. Yana koyar da dokokin haraji da ɗa'ar aikin akanta a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta da ke saman bene, bisa wani shagon sayar da tayil, inda ma'aikatan ofis da masu neman aiki ke zuwa da yamma don su shirya wa jarrabawar ƙwararrun akantoci.

Ba da koyarwa ya fara ba. Mahaifinsa mai gyaran keke ne a bakin titi, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya yi ta facin taya har ya ga ɗansa ya gama sakandare. Da wannan takardar yaron ya samu aikin akawu a ofishin haraji. A can ya gane cewa aikin da aka rubuta a takardar ɗaukarsa daban, wanda ake yi a ofis daban. 'Yan kasuwa kan shigo da fayil a hammata, a cikin fayil ɗin kuma akwai ambulan ta kuɗi. Ranar farko da aka bar masa tasa a kan tebur, sai ya bi mutumin da gudu har bakin mota yana cewa, "Ranka ya daɗe, ka manta da wasiƙarka." Abokan aikinsa suka yi dariya har da hawaye, suka ce yaro ne, zai waye. Bai waye ba.

Bayan 'yan shekaru aka ba shi fayil ɗin wani babban dillalin kayan gini, wanda kowace shekara yake rubuta cewa asara ya yi, kowace shekara kuma yana ƙara sababbin motocin dakon kaya. Malam ya zauna ya rubuta abin da ya gani. Ogansa ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya ce masa ya rufe fayil ɗin.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "in za ka ba ni wannan umarni a rubuce, yanzu zan rufe."

Ogan ya ce masa ya tashi ya tafi. Kafin mako ya zagayo aka mai da shi ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, can bayan gini kusa da banɗaki, ɗaki marar taga mai ƙwan fitila ɗaya da ɓeraye. Ba a kore shi ba, ba a kuma sake yi masa ƙarin girma ba. A ɗakin nan, da yake babu mai nemansa, ya yi karatun jarrabawar ƙwararru, ya ci ta mataki bayan mataki. Da ya karɓi takardar ƙarshe sai ya ajiye aikin gwamnati, ya hau benen nan ya kama alli.

Matarsa tela ce, tana da keken ɗinki a kusurwar falo, kuma in aka bi gaskiya ƙafarta ce ta riƙe gidan a shekarun ɗakin fayiloli. Takan ce masa, "Malam, gaskiyarka ta fi ƙarfin tukunyata." Ba ta faɗa da fushi, amma ba wasa ba ne gaba ɗaya. Shi ma ba mai sauƙin zama ba ne. 'Ya'yansa maza biyu suna girma suka nemi aiki a nesa, don uba ne da ko wasiƙar gaisuwa ka aiko masa sai ya gyara maka kuskure. Auta ce kaɗai, 'yarsa mace, ta san hanyar dariyarsa. Tun tana ƙarama takan zare masa tabarau ta sa a fuskarta, ta kwaikwayi muryarsa tana cewa, "Don me?" Shi kuma ya yi ta ƙyaƙyatawa har ya kama tari.

Ajinsa dogon ɗaki ne mai bencina da fanka ɗaya da ke kukan tsufa, daga ƙasa kuma ana jin ƙarar injin yankan tayil. Ranar Alhamis ba ya buɗe littafi. Kowane ɗalibi zai zo da labarin da ya yanko daga jarida ko ya gani a waya: kamfanin da aka kama yana da rasit iri biyu, ma'aikatar da ta cire haraji daga albashin ma'aikata ba ta miƙa wa hukuma ba, bankin da ya nuna riba a wannan wata ya rushe a wata mai zuwa. Za a karanta, sai Malam ya nuna mutum ɗaya da alli ya ce, "Kai ne akantan wurin. Takardar tana gabanka, oga yana tsaye a kanka. Me za ka yi?" A nan yake koya musu bambanci tsakanin rage haraji ta hanyar da doka ta yarda da kuma ɓoye wa hukuma gaskiya. Yakan ce da su mai kuɗi yana da lauya da fasfo, akanta kuwa hannunsa kawai yake da shi, kuma hannun ne za a nema ranar da abu ya ɓaci.

Wata rana wani mai ƙiba da ke zama a baya ya ce, "Malam, wallahi ɗa'a tana da kyau, amma mai gidan haya ba ya karɓarta."

Aji ya fashe da dariya. Malam ya ɗaga tabarau ya ce, "Gaskiya ne. A kurkuku kuwa ba a biyan haya. Ka ga ka huta."

A cikin ɗaliban da suka ratsa ta hannunsa akwai wanda ya shiga ransa fiye da kowa. Maraya ne, yana aikin karɓar kuɗi a gidan mai, yana zuwa aji da warin fetur a rigarsa. Ba ya rasa amsa, kuma ba haddace ba ce, fahimta ce. Shekarar da suka zana jarrabawa shi ya zo na ɗaya, daga nan 'yan aji suka koma kiransa Zakara. Malam ya riƙa ara masa littattafai, ya riƙa jansa gida cin abinci. A nan ya ga Auta, wadda a lokacin take koyarwa a wata firamare, ita ma ta gan shi. Ranar da uwar ta gaya wa Malam halin da ake ciki, sai ya ce da ma in da za a ba shi zaɓi, shi zai zaɓa. Aka yi aure. Shi da kansa ya rubuta wa Zakara takardar shaida zuwa wani kamfanin odita, wato masu duba littattafan kuɗin wasu kamfanoni su tabbatar wa jama'a cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. A takardar ya ce bai taɓa koyar da wanda ya fi shi riƙon amana ba.

Zakara ya yi gaba da sauri. Ya sayi mota, suka koma gida mai kyau, suka haifi yara biyu. Babban aikin da ke hannunsa shi ne wani kamfanin ajiya da lamuni da ya yi tashe a lokacin, mai ba da riba fiye da ta banki. Mutanen layinsu Malam suka yi ta kai ajiyarsu can. In ka tambaye su ba sa tsoro, sai su ce ai surukin Malam ne ke duba littattafan. Matar Malam ta kai abin da ta tara a ɗinki. Yayarsa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata kuɗin sallamarsa na aiki, ta zo takanas ta tambaye shi ko wurin yana da aminci. Ya ce shi bai san kamfanin ba, amma ya san wanda yake sa hannu. Wannan ya ishe ta.

Wata Asabar da la'asar Malam yana baranda yana makin takardun gwaji, sai ga Zakara shi kaɗai, babu Auta babu yara. Ya gaisa, ya zauna a kan tabarma, yana juya makullin mota a hannu.

"Baba, wata tambaya ce gare ni. Wani abokina ne abin ya shafa."

"Ina jin ka."

"A inda yake aiki, an ba wasu manya rance, kuma kowa ya san ba zai dawo ba. To ana so a rubuta shi kamar yana nan lafiya. Harajin da ake cirewa a albashin ma'aikata kuma ba a miƙa shi ba, ana juya shi. Ogansa ya ce na bana kawai ne, baɗi komai zai daidaita. Ya ce ya sa hannu."

Malam bai ɗago daga takardar da yake dubawa ba. "Wannan ai ta fito a jarrabawar bara. Ya ƙi sa hannu. Ya rubuta wa shugabanni. In sun ƙi ji, ya ajiye aikin ya sanar da hukuma."

"In yana da iyali fa, Baba? Ga yara a makaranta."

"Ni ma ina da iyali lokacin da aka kai ni ɗakin ɓeraye."

Zakara ya ɗan ƙara zama, ya sha ruwan da surukarsa ta kawo, ya yi sallama ya tafi. Malam ya ci gaba da maki.

Bai fi shekara ba kamfanin ajiya ya rufe ƙofa. Mutane suka wayi gari suka tarar da kwaɗo a get, suka taru a rana suna dukan ƙarfe. Manyan daraktocin sun riga sun bar ƙasa. Waɗanda aka samu a gida su ne manajan reshe da ogan Zakara da Zakara, wanda hannunsa ke ƙasan rahoton da ya ce komai lafiya. A ofis aka kama Zakara ranar Talata. Auta ta iso gidan iyayenta da yara, ko takalmanta ba iri ɗaya ba ne.

Ranar Alhamis Malam ya sa rigarsa ya tafi aji, matarsa tana cewa ya zauna. Ya tarar da ɗakin shiru, sai kukan fanka. Kowa ya zo da labari, amma na wasu ƙasashe, na wasu shekaru. Ya saurari guda biyu, sannan ya ce, "Duk garin nan magana ɗaya ake yi. A cikinku babu wanda ya kawo ta?"

Wata ɗaliba mai aikin asibiti ta ce a hankali, "Malam, mu bar wannan."

"Don me? Don ya shafe ni?"

Ya juya ya rubuta sunan kamfanin a allo. Ya bi abin da jaridu suka faɗa ɗaya bayan ɗaya, inda ya kamata odita ya tsaya, tambayar da ya kamata ya yi, wanda ya kamata ya gaya wa. Bai ambaci sunan surukinsa ba, amma allin ya yi ta karyewa a hannunsa har ya gaji da sunkuyawa. A ganinsa, in ya tsallake wannan labarin, duk Alhamis ɗin da ya yi a baya ƙarya ce. Kafin ya isa gida magana ta riga shi. Ya tarar da Auta a tsaye a falo, idanunta sun kumbura.

"Baba, mijina yana tsare, kai kuma ka ɗora shi a allo?"

"Ban kira sunansa ba."

"Sai ka kira? Akwai wanda bai sani ba?"

Ya buɗe baki zai yi bayani, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Lauyan da suka ɗauka, wani gajere mai saurin magana, ya zo gidan da jaka cike da takardu. Dabararsa ita ce a nuna wa kotu cewa yadda aka rubuta rancen abu ne da masana ke saɓani a kai, yaron kuma bai san laifi ba ne, umarnin na gaba ya bi. Yana buƙatar masani mai suna da zai tsaya ya faɗi haka, kuma duk garin babu wanda alƙali zai yarda da shi kamar Malam. Malam ya ce a bar masa takardun ya duba. Ya duba su a baranda, yana fatan ya sami ko da ƙofa ɗaya. Bai samu ba. Abin ba na saɓani ba ne, ɗalibin shekarar farko ma zai gane.

Ya je gidan yari ya ga Zakara. Aka zaunar da su a wani benci a ƙarƙashin rumfar kwano, gandiroba yana gefe. Yaron ya rame, an aske masa kai.

"Me ya sa ba ka zo wurina ba?" in ji Malam.

"Na zo, Baba."

"Ka ce abokinka ne."

Zakara ya yi wani murmushi marar daɗi. "Kai ka koya mana a aji cewa duk wanda ya zo ya ce abokinsa ne, to shi ne. Na ɗauka za ka gane. Na zauna ina jira ka ɗago kai."

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ba na ɗora maka laifi," in ji Zakara. "Amsar da ka ba ni daidai ce. Na santa tun kafin in zo. Ba amsa na je nema ba."

A gida aka sa shi a tsakiya. Matarsa, wadda ita ma ajiyarta ta tafi, ta ce ita ta yafe nata, 'yarta take ji. "Malam, kalma ɗaya ce. Ka ce masana sun saɓa. Wa zai kama ka? Ka dubi yaran nan." Yayarsa kuwa ta zo da sanda, don ciwon ƙafa ya kama ta, ta ƙi shiga falo, ta tsaya a bakin ƙofa. "Kai ka ce mini ka san mai sa hannu. Ga shi yanzu maganin ƙafata ma sai an taimaka mini. In ka je ka wanke shi, ba ni ba kai." Auta ba ta roƙe shi ba. Ta dai zauna tana kallonsa, kuma wannan kallon ya fi masa duk maganganun zafi.

Ya kira lauyan ya ce ba zai iya cewa abin halas ne ba. Amma zai tsaya ya ba da shaidar halin yaron: marayan da ya taso da guminsa, wanda manya suka matsa wa lamba, wanda bai ci ko ƙwandala daga kuɗin mutane ba in ban da albashinsa. Lauyan ya ɗan yi tsaki, ya ce to ko wannan ma ya fi babu.

Ranar shari'a kotu ta cika da waɗanda ajiyarsu ta salwanta. Malam ya tsaya ya faɗi abin da ya zo faɗa, muryarsa a sanyaye. Da ya gama sai lauyan gwamnati ya miƙe, ya gaishe shi da ladabi, don shi ma ya taɓa jin sunansa.

"Malam, kai ka koyar da wanda ake tuhuma?"

"Ni ne."

"A cikin abin da ka koya masa, akwai cewa rubuta mataccen rance a matsayin mai rai laifi ne?"

Malam ya dubi inda Auta take zaune. Ta sunkuyar da kai.

"Akwai."

"Da riƙe harajin ma'aikata?"

"Akwai."

"Yana yiwuwa bai fahimci darasin ba?"

Lauyan Zakara ya rufe ido. Malam ya san abin da amsarsa za ta yi, ya kuma san ya yi rantsuwa. Ya ce, "Shi ya zo na ɗaya."

Da wannan maganar zancen rashin sani ya rushe. Aka yanke wa Zakara ɗaurin 'yan shekaru, ƙungiyar akantoci kuma ta soke lasisinsa har abada. Ogansa, da yake yana da manyan lauyoyi, shari'arsa ta yi ta ɗagewa har aka daina jin labarinta. Daraktocin ba su dawo ba. Masu ajiya aka yi ta kiransu cike takardu, a ƙarshe aka ba su ɗan abin da bai kai kuɗin motar da suka kashe wajen zarya ba.

A ranar Auta ta kwashe yaranta ta bar gidan. Ta kama ɗaki ɗaya kusa da makarantar da take koyarwa. Uwarta na zuwa wurinta, amma ta ce kada a kawo mata saƙon Baba. Yayar Malam ma ba ta huce ba, don a ganinta tsayawar da ya yi ya yabi halin yaron cin amanarta ne. Ta rasu ba su shirya ba. Maƙwabtan da a da suke tashi su gaishe shi sai suka koma kallon gefe in ya wuce. Babu wanda ya zage shi, gaisuwar ce kawai ta gajarce. Matarsa ta ci gaba da dafa masa abinci da wanke masa kaya, amma hira ta mutu a tsakaninsu. In ya shigo sai ta ƙara taka keken ɗinki.

Kowane wata yakan hau motar haya ya je gidan yari da sabulu da burodi. Da farko Zakara ya ƙi fitowa, Malam ya zauna a bencin har lokacin ziyara ya ƙare, ya bar kayan wurin gandiroba ya tafi. Daga baya ya soma fitowa. Ba sa maganar shari'a. Zakara kan tambayi yara, Malam kuma ya faɗi abin da ya ji daga bakin matarsa, don shi ba ya ganinsu.

A makaranta ma abubuwa suka canja. Mai makarantar, wani tsohon ɗalibinsa da ya gaji wurin, ya kira shi ofis ya ce yaran yanzu ba su da lokacin hirar jarida, tsofaffin tambayoyin jarrabawa suke so a bi da su, su haddace su wuce. Wasu ma sun ce darasin Alhamis yana kashe musu gwiwa. Malam ya ce to. Ya koma bin tambayoyi, yana karanta amsa suna rubutawa. Ana cikin haka idanunsa suka fara dusashewa, yana rubutu a allo layi yana hawa kan layi, 'yan baya suna ƙunshe dariya. A ƙarshen wani zango aka shirya masa ɗan taro, aka sha lemo, aka ba shi agogon bango, aka ce ya je ya huta.

Zakara ya fito daga gidan yari da furfura a gemu. Babu ofishin da zai ɗauke shi, sai wani abokinsa mai shagon kayan gyaran mota ya ba shi tsaron kanti. Ya koma ɗaki ɗayan nan wurin matarsa da yara. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, shi ne ya riƙa zuwa yana ɗaukar Malam a babur yana kai shi asibitin ido, su zauna a layi tun safe, yana riƙe masa kati. Wata rana a layin Malam ya ce, "Har yanzu tana fushi?"

"Na yi mata magana, Baba. Na ce mata ni na sa hannu, ba kai ba. Ta ce ta sani."

"To?"

"Ta ce ba ta ce ka yi ƙarya ba. Ta ce da ma ba ka je ba."

Malam ya jinjina kai. Shi ma ya sha yin wannan tunanin. Da ya zauna a gida, da babu wanda zai yi masa tambayar. Ya je ne don ya taimaka.

Aikin da aka yi masa a ido bai yi ba, sannan ciwon zuciya ya biyo baya, ya kwantar da shi. 'Ya'yansa maza suka riƙa aiko da kuɗin magani suna bugo waya. Wata ranar Lahadi da hantsi yana kwance ya ji muryar da ya daɗe bai ji ba tana gaida uwarta a falo. Ya yi ƙoƙarin tashi zaune ya kasa. Auta ta shigo, ta durƙusa daga bakin ƙofa kamar baƙuwa.

"Ina kwana, Baba. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Matso, ba na gani."

Ta matso. Ya lalubi hannunta ya riƙe. Ya ji hannun ya yi kaushi.

"Auta, maganar nan ta kotu..."

"Bar ta, Baba. Ka sha maganinka?"

Ta gyara masa matashi, ta ba shi ruwa a kofi tana tallafe da kansa, ta shigo da yaran suka gaishe shi. Babban har ya fara zama saurayi, muryarsa ta buɗe, Malam bai gane shi ba sai da aka faɗa masa. Ba ta daɗe ba ta ce za ta tafi, tana da takardun yara da za ta duba kafin gobe. Bayan wannan ta riƙa zuwa duk Lahadi, ta yi masa abin da ya kamata, ta tafi. Duk lokacin da ya ɗauko zancen sai ta kawo wani.

A cikin daminar shekarar ya rasu, da rana, matarsa tana gefensa. Tsofaffin ɗalibansa da dama sun zo gaisuwa, wasunsu da manyan motoci da direbobi, suka cika layin, suka yi ta ba da labarin yadda yake ɓata musu takarda da ja, ana dariya ƙasa-ƙasa. Zakara ne ya yi ta shimfiɗa tabarmi yana kai ruwa, kuma yawancinsu da suka gane shi sai suka yi kamar ba su gane ba. Da mutane suka watse, matar Malam ta ce ita ba za ta iya zaman gidan ita kaɗai ba, ɗaki ɗaya kuma ya yi wa mutum huɗu kaɗan. A ƙarshen watan Auta da mijinta da yara suka kwaso kayansu suka dawo gidan.